Ƙofofin Mutane a Cikin Wayar Aiki

Ba na jin zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da aka sauke mu daga mota tsakanin 'Yargoje da Ruwan Godiya. Hajiya ce ta ce in rubuta abin da ya faru, saboda sababbin ma'aikatan da ta ɗauka bayan salla, da kuma 'yan'uwanmu masu wannan sana'a da ke yawan tambayata wace manhaja muke ajiye bayanan aiki a ciki. Na sha farawa ina ajiyewa. Wannan karon zan daure in kai ƙarshe.

Sunana Nafisa. Tun da na gama sakandare nake aiki gidan Hajiya Mairo a Ƙanƙara. Kayan gara muke yi: alkaki, dubulan, nakiya, cincin, sai kek na gwangwani da babban kek na amarya. Aikin gidan a jere yake. Hajiya ce ke karɓar aiki, ita ke yanke awo. Ƙarƙashinta akwai Iya Kulu mai kwaɓi, wadda ba mai sa hannu a daro sai da izininta. Sai masu naɗi, sai masu suya da gashi. Ni ce ta ƙarshe, aikina rubuta abin da aka yi da kuma raka kaya gidan masu shi.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce me za a rubuta a suyar alkaki. Akwai da yawa. Kwaɓin da zai yi tsami daidai a kwana ɗaya lokacin zafi, da sanyi sai ya ƙara wuni. Fulawar wannan buhu ba ta shan ruwa kamar ta wancan. Gawayin wani mutum wutarsa kamar fushi take, na wani sai an yi ta fifita. In ba a rubuta ba, kuskuren bara shi za a maimaita bana. Da a littafin makaranta muke rubutawa, har mai ya jiƙa shi, shafukan suka manne da juna, awon nakiyar da Hajiya ta gada wajen mahaifiyarta ya zama wani baƙin tabo. Shi ya sa ta sayi waya ta aiki, ta miƙo mini ta ce in nemo inda za mu riƙa zubawa.

Sharuɗɗa ta gindaya mini. Ta ce dole abin ya yi aiki ko babu sabis, don ba ta manta lokacin da aka ɗauke mana sabis na watanni ba. Dole ya ɗauki murya, don hannunta kullum cikin kwaɓi yake, kuma karatun boko ba ya mata sauri. Dole kuma ya kasance da makulli.

“Ban son in ji alkakina a bakin wata,” in ji ta.

Na fara da tura wa kaina saƙo a manhajar hira, sai bayanan suka riƙa nutsewa cikin gaisuwar Juma'a da hotunan atamfa. Na gwada wata manhajar girke-girke mai kyan gani, amma ba ta buɗewa sai da data, kuma ba ta san tiya da gwangwanin madara ba, sai awon Turawa. A ƙarshe na tsaya kan wata ƙaramar manhajar rubutu. Kowane aiki shafinsa daban, da kwanan wata a sama, za ka iya liƙa hoto da murya a ciki, kuma tana kulluwa da lambobi. Hajiya ta gwada, ta ji muryarta ta dawo mata, ta yi dariya ta ce an gama.

Ga yadda muke cika shafi. Sunan gida da gari a sama. Sai abin da aka nema da yawansa, sai awo, sai yadda wuta ta kasance, sai hoton kayan in sun fito, ko sun yi kyau ko sun ƙone. Daga baya muka ƙara wani abu da kanmu. Gidajen ƙauye ba su da lamba, direbobi kuma canzawa suke. Saboda haka duk gidan da na kai kaya sai in ɗauki hoton ƙofarsa, in yi magana a murya yadda ake zuwa, da lokacin da ya fi dacewa a je. Hajiya ma takan ƙara nata, kamar a ce wane sai bayan ranar kasuwa zai cika kuɗi. Mun ɗauka tsari ne mai kyau. Har yabona aka yi a kai.

Ranar da nake magana, gara zan kai Sabuwa, bokitai cike a bayan mota, kek ɗin amarya a kan cinyata cikin kwali, don sai na isa zan yi masa ado. Motar Malam Sani na shiga, wanda ya saba ɗaukar mana kaya. Tun a tasha ake ƙus-ƙus cewa 'yan bindiga sun shiga wani ƙauye a gefen Faskari farkon makon, sun tafi da mutane. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Ana kuma cewa mace ce ta kai musu rahoto, wata mai shiga gidaje da talla. Na ji maganar, na yi addu'a kamar kowa, ban kawo komai a raina ba.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da muka iske shinge. 'Yan sa-kai ne, sun gitta itace a hanya. Yawanci leƙawa kawai suke yi su ɗaga hannu. Ran nan kowa aka ce ya sauko. Wani ya zagayo da farantin silba, duk mai waya ya saka. Suna ɗauka ɗaya bayan ɗaya, mai ita ya buɗe, a duba kiran da ya yi da hotunansa, a miƙa masa.

Wanda ya ɗauki tawa saurayi ne siriri, idanunsa jajur kamar wanda ya kwana biyu bai runtsa ba. Daga baya na ji ana kiransa Basiru. Na buɗe masa, ya duba kira, ya duba hotuna, ya kusa miƙo mini. Sai yatsansa ya taɓa manhajar, ta nemi lambobi.

“Wannan fa? Mi ke ciki?”

“Bayanan aiki ne. Girki.”

“Girki ake kullewa?”

Na yi shiru, don maganar Hajiya ce ta faɗo mini, cewa ko Iya Kulu kada in buɗe wa. Shirun bai fi na haɗiyar yawu ba, amma ya gan shi.

“Buɗe,” ya ce.

Na buɗe. Ya fara jan shafuka. Ina kallon fuskarsa, ban ga komai ba da farko, kek ne da dubulan ke wucewa. Sai ƙofofi suka fara fitowa. Ƙofar ƙarfe mai ruwan ganye. Ƙofa mai rumfar kwano. Ƙofar da aka ɗaure raƙumi a gefenta. Kowace da sunan mai gida da garinsa a sama. Ya daina ja da sauri. Can ya tsaya kan wata baƙar ƙofa mai bishiyar darbejiya a hagu, ya daɗe bai motsa ba.

“Baba Isiya,” ya kira, murya ƙasa-ƙasa. “Zo ka gani.”

Malam Isiya shi ne babbansu, dattijo mai furfura a gemu, yana zaune kan benci da bindigar toka a jingine. Ya taso a hankali. Basiru ya nuna masa.

“Gidan Baffa ne.”

A nan na gane. Gidan Alhaji Garba ne, inda na kai garar 'yarsa wata guda da ya wuce, a ƙauyen nan da ake magana a tasha. Ban san gidansa aka shiga ba sai lokacin. Na ji kwalin kek yana zamewa, na rungume shi.

Ƙarƙashin hoton akwai murya. Basiru ya danna. Muryata ta fito a fili, a tsakiyar hanya, gaban fasinjoji da masu bindiga, tana cewa cikin nishaɗi: “Gidan Alhaji Garba, in an wuce masallaci a bi lungun dama. Kada a bi ta gaba, ƙofar baya ta wajen turken shanu ta fi sauƙin shiga. A je da hantsi, maza duk sun fita gona, mata kaɗai ke gida.”

Ta ƙare. Sai ta Hajiya ta biyo, gajeriya: “Alhajin ya sai da shanu, ba za a sha wuya da shi ba.”

Wata mata da ke tsaye kusa da ni, wadda muka raba gyaɗa da ita a mota, ta ja jikinta gefe. Ni kaina da na saurara, na ji abin da suka ji. In da wata ce aka kama da wannan murya, da na ce ita ce.

“Wallahi kwatance ne na kai kaya,” na ce. “Gara na kai. Ku tambayi Malam Sani.”

Malam Sani ya matso yana murza hula a hannu. “Ranka ya daɗe, yarinyar Hajiya Mairo ce, kowa ya san su. Kayan suya suke yi.”

“Mai suya ba ta iya zama infoma?” Basiru ya juyo kansa. “Kai ma halan kai ke kai ta.”

Malam Sani ya koma baya. Ban ga laifinsa ba.

Mu da muka tashi a nan mun san abin da kalmar infoma ke jawowa. Ba a cika kai mai ita gaban alƙali ba. Na ga biyu daga cikin samarin sun gyara tsayuwa, ɗaya ya zagayo ta bayana. Abin da ya riƙa zuwar mini a kai shi ne mahaifiyata, wadda ta ce in saya mata albasa a hanya in ta fi araha.

Malam Isiya ya karɓi wayar daga hannun Basiru. Bai iya sarrafa ta ba, ya miƙo mini.

“Ɗiyata, ajiye kwalin nan. Sa mini na gaba da wannan. Da na bayanshi.”

Na danna. Muryar Hajiya ta fito tana faɗa, wai an bar kwaɓin alkaki ya zarce da tsami, a ƙara ruwan kanwa. Na gaba, Iya Kulu na cewa gawayin nan na banza ne kada a ƙara saye. Na gaba, Hajiya tana zayyana awon nakiyar mahaifiyarta tiryan-tiryan, abin da ta ce kada kunnen kowa ya ji, ga shi maza goma suna saurare da bindigogi a kafaɗa. Dattijon ya sa na yi ta sakawa, har ya koma watannin baya. Yana ji yana kallon ƙasa.

“Baba, wannan duk rufa-ido ne,” in ji Basiru. “Ta ƙofar baya suka shiga. Ta turken shanu. Ni na ga sawunsu.”

“Na sani.”

“To mi ake jira?”

“Wa ya ce miki ki bi ta baya?” Malam Isiya ya tambaye ni.

“Hajiyar gidan. Uwar amarya.”

“Don mi?”

“Ba ta faɗa mini ba.”

Gaskiya na faɗa, amma na ji yadda amsar ta faɗi ƙasa ba ƙarfi.

Babu sabis a wurin. Suka ce akwai wani tudu can bayan gonaki inda yake ɗan kamawa, a je a kira matar Alhaji a ji daga bakinta. Basiru ya ce shi zai kai ni. Na kalli tudun, na ga dawa ta yi tsayi ta rufe hanyar, daga titi ba mai hango wanda ya shiga. Na durƙusa ban san na durƙusa ba.

“Baba, don Allah kada ka bari a tafi da ni ni kaɗai.”

Ya dube ni, ya dubi Basiru. Ya ɗauki bindigarsa ya rataya. Sannan ya juya wajen fasinjoji, ya nuna wata tsohuwa mai ƙullin goro.

“Iya, zo ki raka mu. Ki zama ido.”

Tsohuwar ta yi gunaguni kan gwiwarta, amma ta taho. A cikin dawar nan ita ce ta kama hannuna. Ban san ko ta yarda da ni ba. Basiru na gaba, ina jin numfashinsa. Dattijon na baya. Duk ganyen da ya taɓa wuyana sai in zabura.

A kan tudun Basiru ya ɗaga wayarsa sama yana juyawa har ta kama. Ya kira, ta katse. Ya sake. Da aka ɗauka, Malam Isiya ya ce ya buɗe murya kowa ya ji.

“Inna, Basiru ne. Mun kama wata da hoton gidanmu. Tana cewa a bi ta baya, maza ba su nan.”

Muryar matar ta dishe, kamar ta wadda ta yi kuka har ya ƙare. “Wace ce?”

“Wai mai gara. Daga Ƙanƙara.”

“Nafisa? 'Yar gidan Hajiya Mairo?”

Tsohuwar ta matsa hannuna. “Ni ce, Hajiya,” na ce.

“Ni na ce ta biyo ta baya. Ni na ce ta zo ba kowa. Ban son a ga bokitai na shiga gidan, a ce muna da shi. Ko Alhaji ban so ya ga yawansu ba, ya hana a yi da yawa saboda idon mutane.” Ta ja numfashi. “Ɓoyewar ma ba ta hana ba.”

“Inna, amma ta turken...”

“Basiru, duk wanda ya taɓa kawo mana dusa ya san ƙofar nan. Ku saki ɗiyar mutane. Alhaji da ke hannun waɗancan ya ishe mu.”

Sabis ya ɗauke. Basiru ya tsaya riƙe da wayar a kunne duk da ba kowa a ciki. Sai ya tsuguna, ya juya mana baya, kafaɗunsa na motsi. Ban ji haushinsa ba a lokacin, kuma har yau ban ji ba.

Na ɗauka an gama. Malam Isiya ya zauna kan dutse, ya ce in zauna.

“Gida nawa ke cikin wayar nan?”

“Suna da yawa, Baba.”

“Duk masu halin yin gara.”

“E.”

“Da ƙofofinsu, da lokacin da maza ba su nan, da wanda ya sai da shanu.” Ya girgiza kai. “Ke ba infoma ba ce, na yarda. Amma yau da waɗancan suka tare hanyar nan ba mu ba, da bindiga a kanki za ki buɗe kamar yadda kika buɗe mana. Aikin da suke biyan mutane su yi musu, kin gama shi tsaf kin sa a jaka.”

Sai ya yi tambayar da har yanzu take hana ni sukuni.

“Ina kike kai ta caji?”

Na ce shagon masu caji na bakin layinmu, in wuta ta daɗe ba ta zo ba. Wani lokaci takan wuni a can.

“A kulle?”

“A kulle.”

“Kin tabbata kullum?”

Na yi tunani iya tunanina. Na kasa rantsewa.

Ya sa na goge ƙofofin a gabansa, ɗaya bayan ɗaya, da muryoyin kwatance, da duk inda aka ambaci halin mai gida. Na nuna masa cewa manhajar tana ajiye abin da aka goge a wani kwando na kwanaki, muka kwashe shi ma. Ya ce in bar na girkin. “Nakiya ba ta cutar da kowa ba,” in ji shi.

Mun isa Sabuwa bayan la'asar. Kek ɗin ya tsage gefe ɗaya. Na zauna zan yi masa ado, layin ya riƙa karkacewa, har wata ƙanwar uwar amarya ta karɓa ta shafe shi fari kawai. A can na kwana. Ban faɗa musu dalili ba, na ce mota ce ta lalace.

Da na dawo na zayyana wa Hajiya. Na zaci za ta yi faɗa kan awonta da aka ji. Ko ta kansa ba ta bi ba. Ta sa na maimaita mata abin da ta faɗa game da shanun Alhaji, ta zauna a kan turmi, ta daɗe tana kallon hannayenta.

“Ni na faɗa,” ta ce. “Da bakina.”

Washegari ta sayi ƙaramin faifan sola, waya ba ta ƙara zuwa shagon caji ba. Ta kuma je gidan Alhaji Garba jaje da kanta. Ni na kasa binta.

Manhajar tana nan, ita muke amfani da ita har yau, kuma ga masu tambaya, sharuɗɗan Hajiya suna da kyau: wadda ke aiki ba sabis, mai ɗaukar murya, mai makulli. Amma mun yi kwanaki muna zaɓen inda za mu zuba bayani, ba mu zauna ko sau ɗaya mun zaɓi abin da ya kamata a zuba ba. Yanzu awo ne kawai a ciki, da wuta, da hoton abin da ya fito daga kasko. Ba sunan gida, ba gari, ba ranar kai kaya. In za a kai gara, matar gida ta turo wata tata ta tarbe mu a tasha. Wayar kuma ba ta hawa mota.

Ku sababbi, ku san cewa a wannan sana'ar ba fulawa da sukari kaɗai ake damƙa mana ba. Mace za ta shigar da ke har ɗakinta, ki ga abin da ta tara wa 'yarta, ki san lokacin da gidan ke zama ba namiji, ki san abin da take ɓoye wa maƙwabta, wani lokaci har da mijinta. Ba ta ce miki amana ce ba, don ba ta zaci sai ta faɗa ba. Abin da kika gani a gidan mutane ki bar shi a kanki, in kin manta hanya ki sake tambaya.

Alhaji Garba kuma, zuwa ranar da nake wannan rubutu, bai dawo gida ba. Kowa na ce mini ba ta wayarmu aka san ƙofarsa ba, matarsa ma ta aiko ta faɗa mini haka. Ina amsawa da to. Amma duk safiya in na biyo ta gaban shagon cajin nan, sai na sake ƙoƙarin tuna ko na kulle ta.